Na Tafi Neman Harshe, Na Tarar da Rigimar Ƙasa

A zangon karatu na biyu na shekarar da ta gabata, malaminmu na darasin Walwalar Harshe ya shigo aji riƙe da hularsa a hannu, ya zuba wasu 'yan takardu nannaɗe a cikinta, ya ce kowa ya taso ya ɗauki ɗaya. A kowace takarda akwai sunan wani harshe daga cikin harsunan duniya da ke fuskantar barazanar ɓacewa, kuma abin da mutum ya ɗauka, a kansa zai rubuta jingarsa. Abokin zamana ya ɗauki wani harshe na Jihar Bauchi, ya yi ta murna domin yana da dangi a can. Ni kuwa da na warware tawa sai na ga an rubuta "Garifuna". Na juya takardar gaba da baya, sannan na ɗaga hannu na ce, "Allah gafarta Malam, wannan kuma a wace jiha yake?" Ajin ya kwashe da dariya, alhali na tabbata a cikin masu dariyar babu wanda ya san amsa. Malam ya ce, "Je ka nemo, ai shi ya sa ake kiransa bincike."

To, mai karatu, na je na nemo, kuma abin da na samo ya fi ƙarfin shafuka goma da aka ƙayyade mana. Ragowar ce na ga ya dace in kawo wa wannan mujalla tamu, domin ta tsaya mini a rai.

Garifuna baƙaƙen fata ne da ke zaune a gaɓar Tekun Karebiyan, a ƙasashen Honduras da Belize da Guatemala da Nikaraguwa. Mafi yawansu suna Honduras, inda suke da ƙauyuka sama da 40 jere a bakin ruwa. Asalinsu daga tsibirin Saint Vincent ne, inda 'yan Afirka da suka kuɓuta daga bauta suka tarar da mutanen wurin na asali, wato Karib da Arawak, aka yi auratayya har aka zama al'umma ɗaya. Sun daɗe suna gwabzawa da Turawan Ingila a kan mallakar tsibirin. Bayan an kashe shugabansu Joseph Chatoyer a 1795, Turawan suka ci su da yaƙi, suka tattara sama da mutum 4,000 suka tsare a wani ɗan tsibiri mai suna Baliceaux, inda cuta da yunwa suka hallaka kusan rabinsu. Waɗanda suka rage, kimanin mutum 2,000, aka loda su a jiragen ruwa aka sauke su a tsibirin Roatán ranar 12 ga Afrilu, 1797. Daga nan suka tsallaka zuwa gaɓar Honduras suka kafa ƙauyukansu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan shekara, domin ita kanta Honduras ba ta sami 'yancin kai daga ƙasar Sifen ba sai a 1821. Wato mutanen da a yau ake cewa su nuna takardar gwamnati sun girmi gwamnatin a wurin da shekara 24.

Shi kuwa harshen, duk ɗalibin harshe zai so shi. Ginshiƙinsa na Arawak ne, amma ya ari kalmomi daga Karib da Faransanci da Turanci da Sifaniyanci. A ƙidaya, ɗaya da biyu da uku nasu ne, wato aban da biama da ürüwa, amma daga huɗu sai aro daga Faransanci: gádürü, seingü, sisi, sedü, widü, nefu. Nan take na tuna yadda mu ma muka ari ashirin da talatin da arba'in daga Larabci muka bar namu na gargajiya. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai wasu kalmomi da maza ke faɗa daban, mata ke faɗa daban. Namiji zai ce au idan yana nufin "ni", mace kuma ta ce nuguya. Namiji zai kira mace würi, mace ta kira 'yar'uwarta hiñaru. Kalmomin maza daga Karib suke, na mata kuma daga Arawak. Mu a Hausa jinsin wanda ake yi wa magana muke dubawa mu ce "kai" ko "ke", su kuwa har jinsin mai maganar yana da tasiri, ko da yake bambancin ya ragu ƙwarai a bakin 'yan zamani. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya harshen da kiɗa da rawar Garifuna cikin muhimman kayan gadon ɗan Adam.

Da a nan na tsaya, da na miƙa jingata lafiya na huta. Sai dai ina cikin neman dalilan da ke sa harshen ja da baya na ci karo da labarin wani mutum mai suna Alfredo López Álvarez, ɗan ƙauyen Triunfo de la Cruz da ke kusa da garin Tela. Yana cikin jagororin masu kare filayen ƙauyen. A watan Afrilu na 1997 aka kama shi bisa zargin safarar hodar iblis. Gwaji na biyu da aka yi wa kayan ya nuna ba hodar iblis ba ce, amma duk da haka bai fito ba sai a watan Agusta na 2003, bayan ya shafe shekara shida da wata huɗu a tsare, kuma kotu ta wanke shi. Yana cikin gidan yarin Tela ne, a shekarar 2000, shugaban gidan ya hana fursunoni 'yan Garifuna magana da harshensu. Maganar ta kai gaban Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka da ke birnin San José na ƙasar Kosta Rika, wadda a ranar 1 ga Fabrairu, 2006 ta yanke hukunci cewa Honduras ta tauye masa haƙƙi, har da haƙƙin faɗar albarkacin baki, domin hana mutum harshen uwa hana shi bayyana kansa ne. Na karanta wannan wuri sau uku. Mutum ya tashi kare gona, ya ƙare a inda ake hana shi gaisawa da ɗan'uwansa da harshen da aka yi masa tawai da shi. Daga nan jingata ta karkace, na bar nahawu na bi sawun filayen.

Honduras na daga cikin ƙasashe mafiya talauci a nahiyar Amurka, fiye da rabin jama'arta na cikin talauci bisa ƙididdigar gwamnatinta. Gaɓarta ta arewa kuwa Allah ya yi mata kyau, ga farin yashi, ga itatuwan kwakwa, ga ruwa garau. A da, kamfanonin ayaba na Amurka ne suka mamaye yankin, garin Tela ma ya taɓa zama hedikwatar wani reshe na kamfanin United Fruit. Da zamanin ayaba ya ja baya, sai hankali ya koma kan baƙi 'yan yawon buɗe ido. Amma akwai cikas guda: sashe na 107 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili a cikin tazarar kilomita 40 daga bakin teku ko kan iyaka. A 1990 majalisa ta kafa doka mai lamba 90-90, wadda ta ba baƙi damar sayen fili a wannan yanki muddin filin yana cikin "birni", musamman idan don harkar yawon buɗe ido ne. Bayan guguwar Mitch ta 1998 an yi ƙoƙarin gyara sashen na 107 kansa, amma Garifuna da sauran ƙabilun asali suka fito zanga-zanga a 1999, gyaran bai tabbata ba.

Kalmar "birni" ɗin nan ita ce mabuɗin. A 1989 aka faɗaɗa iyakar birnin Tela a takarda, har ta haɗiye wani ɓangare na ƙasar Triunfo de la Cruz. Babu wanda ya tashi daga gidansa, babu rogon da ya daina tsiro, amma a ofis gonakin sun zama filayen birni, filin birni kuwa hukumar gari ke da ikon sayar da shi. Tsakanin 1993 da 1995 hukumar ta sayar da kimanin hekta 44 domin a gina wani wurin shaƙatawa mai suna Marbella. A aji an koya mana faɗaɗar ma'ana da ƙuntatar ma'ana a matsayin abin da ke faruwa da kalma a hankali, a bakin jama'a, ba tare da kowa ya lura ba. Ban taɓa tunanin ana iya faɗaɗa ma'anar kalma a zama ɗaya, da sa hannun mutum uku ko huɗu, gona ta bi ta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen ba su da takarda sam. Suna da ita. Tun a 1950 gwamnati ta ba ƙauyen takardar amfani da hekta 380, a 1993 kuma aka mayar da ita ta cikakkiyar mallaka. Takardar ta al'umma ce baki ɗaya, ba ta mutum ɗaya ba, don haka ba a sayar wa bare. Matsalar ita ce ƙasar da suke rayuwa a kanta ta ninka wannan nesa ba kusa ba. Mazansu masunta ne, suna buƙatar bakin ruwa inda za su ja kwalekwale su shanya taru. Matansu ke noman rogo, su kankare shi, su matse shi a wani dogon kwando saƙaƙƙe, su toya wata faffaɗar gurasa da suke kira ereba. Noman nasu na juyi ne, a noma wuri a bar shi ya huta wasu shekaru. Bahaushe ya san wannan, saura muke kiranta, kuma kowa ya san saura tana da mai ita. Amma wanda ya zo da na'urar awo daga birni daji kawai yake gani.

Babban aikin da aka yi a wannan gaɓa shi ne wurin shaƙatawar da aka fara kira Los Micos, daga baya aka sa masa suna Indura. An gina shi a gefen gandun dajin Jeannette Kawas, wanda ya ci sunan wata mata mai fafutukar kare muhalli da aka harbe a gidanta a Tela a watan Fabrairu na 1995. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar da wasu manyan attajiran Honduras ne suka haɗa jari, Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ba da rancen shimfiɗa hanya da ruwa, shahararren ɗan wasan golf na Afirka ta Kudu Gary Player ya tsara filin wasa mai rami 18, a 2016 kuma otal ɗin ya shiga sahun masu ɗauke da tambarin Hilton. Na lissafo waɗannan ne domin a ga cewa baƙon ba shi kaɗai yake zuwa ba, Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A maƙwabtan otal ɗin akwai wani ƙaramin ƙauyen Garifuna mai suna Barra Vieja. A 2014 'yan sanda da sojoji suka je tashin mutanen, suka fitar musu da kaya waje, bisa hujjar cewa filin na hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasar ne. Mutanen suka koma gidajensu. Aka gurfanar da mutum 66 daga cikinsu da laifin mamaye filin da ba nasu ba, amma a 2015 kotu ta wanke su. Su sun ce faɗaɗa otal ɗin ake son yi da ƙasarsu, kamfanin kuma ya musanta.

Can gabas kuma, a garin Trujillo, 'yan kasuwar Kanada ne suka shigo da kansu. Suka sayi filaye suka yanka fuloti-fuloti suna sayar wa 'yan ƙasarsu masu neman inda za su gudu daga sanyi bayan ritaya, suka kuma gina tashar manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa a unguwar Río Negro ta Garifuna, aka sa mata suna Banana Coast, ta fara karɓar jirage a 2014. Ƙungiyar OFRANEH, wadda ke kare haƙƙin Garifuna tun 1978, ƙarƙashin jagorancin Miriam Miranda, ta kai ƙara tana cewa an sayi ƙasar al'umma wadda doka ta hana sayarwa.

A ƙarshe maganar Triunfo de la Cruz ta koma gaban kotun nan ta San José. A watan Agusta na 2015 tawagar kotun ta taka har ƙauyen ta gane wa idonta, ranar 8 ga Oktoba na shekarar kuma ta yanke hukunci cewa Honduras ta tauye haƙƙin mallakar al'ummar, kuma ba ta tuntuɓe su ba kafin a amince da ayyukan yawon buɗe ido a ƙasarsu. Ta umarci a shata musu iyaka, a kuma kafa musu asusun raya ƙauye na dala miliyan 1.5. Da na zo nan na yi hamdala, na ɗauka labari ya ƙare. Ashe cin shari'a daban, karɓar gona daban. Shekara biyar ta wuce ba a shata iyakar ba. Da asubahin ranar 18 ga Yuli, 2020, ana cikin dokar hana fita ta annobar korona, wasu mutane ɗauke da bindigogi, sanye da kaya irin na 'yan sandan bincike, suka shiga ƙauyen suka tafi da shugaban kwamitin al'ummar, Snider Centeno, tare da wasu mazaje. Aka shafe shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba. Tun kafin nan ma, a watan Janairu na 2010, an banka wa gidan rediyon ƙauyen wuta, wanda ke watsa shirye-shirye da harshen Garifuna, mai suna Faluma Bimetu, wato kwakwa mai zaƙi, sai da aka sake gina shi. Sai a 2024 gwamnatin Shugaba Xiomara Castro ta kafa wani babban kwamiti domin aiwatar da hukunce-hukuncen kotun.

Wataƙila mai karatu ya ce, to kai ina ruwanka da abin da ke faruwa a bayan teku? Nima na tambayi kaina, sai na gane cewa tun ina karatun fuskar mutum ɗaya nake gani, wato Kawuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya zo Legas tun yana saurayi. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin teku a Legas ranar Lahadi ko lokacin Kirsimeti ya ga irinsu, 'yan Arewa riƙe da linzami suna hawar da mutane doki ana biyansu. Sana'arsa ke nan. Yana da wani kili da yake ji da shi, ina yaro nakan bi shi in riƙe masa bokitin ruwa, in ya sami ciniki ya saya mini kwakwa. A ƙarshen yashin akwai 'yan bukkokin masunta, a cikinsu akwai wani dattijo da Kawu ke kira Baba. Baba ba ya jin Hausa, Kawu kuma Yarabancinsa na kasuwa ne, amma sun shekara goma suna abota, wannan ya ba da goro, wancan ya ba da kifi. Wata rana 'yan safiyo suka zo suka kafa duwatsu. Bayan wasu watanni aka ja shinge, aka sa ƙofa, aka zaunar da mai yankar tikiti. Da farko aka ce masu doki su riƙa biyan kuɗin shiga kullum, suka biya. Daga baya aka ce dawakin suna ɓata yashi, baƙi na ƙorafi. Kawu ya sayar da kilinsa, yanzu gadi yake yi a wata unguwar masu kuɗi.

Da na je hutun tsakiyar zango na same shi a bakin ƙofar da yake gadi, na ba shi labarin Garifuna tun daga farko. Ya saurara yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama na ce, "Kawu, ai ku ma abin da aka yi muku ke nan."

Ya girgiza kai ya ce, "A'a, ɗan boko, kada ka haɗa. Ni baƙo ne a wurin, baƙo kuwa raɓa ne. Ban shuka komai ba, ban binne kowa ba. Da aka ce in tafi, dokina na ja. Amma Baba fa? A nan aka binne cibiyarsa. Ina tsaye aka ce ya kawo takarda. Ya kama hannun mutumin ya kai shi gindin wasu kwakwa ya ce ubansa ya dasa su, ya nuna masa kabarin uban. Mutumin ya ce shi ba kwakwa ya tambaya ba."

Na ce, "Yanzu ina Baban yake?"

Ya ce, "Allah masani. Kabarin dai yana ciki. In zai ziyarci ubansa sai ya yanki tikiti."

Wannan gyara da Kawu ya yi mini ya amfane ni, domin da na tashi cakuɗa kowa da kowa a buhu ɗaya. Rasa wurin ciniki ciwo ne, amma ba daidai yake da rasa inda aka haife ka ba. Ya kuma sa na koma na duba Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da muke da ita a Nijeriya, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma idan aka karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka ake biya. Wato a idon doka kwakwar Baba tana da farashi, amma shekarun da zuriyarsa ta yi a wurin ba su da layi a fom.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙasa mai fama da talauci irin Honduras tana buƙatar kuɗin waje da aikin yi, kuma otal yana ɗaukar ma'aikata, yana jawo hanya da lantarki. Matasan Garifuna da yawa sun riga sun bar su da noma sun tafi Amurka tun kafin a kafa tubalin farko, unguwar Bronx ta birnin New York cike take da su. Akwai kuma 'yan ƙauyen da suka karɓi kuɗi da hannunsu suka sa hannu a takardar sayarwa, wani don ciwo ya kwantar da ɗansa, wani don kwaɗayi. Ba zan zauna a ɗakin kwanan ɗalibai in zagi wanda yunwa ta sa ya sayar da abin da yake da shi ba. Ita ma kotun ba ta ce kada a gina otal ba. Abin da ta ce shi ne a tambayi masu wuri kafin a fara, da gaskiya, ta hanyar shugabannin da suka zaɓa, kamar yadda yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanada, wadda Honduras ta amince da ita tun 1995. Wanda aka tambaya yana iya cewa ga inda za ku gina, ga inda za ku bar mana mu ja kwalekwale, ga kason da za ku riƙa ba mu. Wanda ba a tambaya ba kuwa, abin da ke rage masa shi ne a ɗauke shi share ɗaki, ko a kira shi da dare ya buga ganga ya yi wa baƙi rawar punta. Hotunan masu wannan rawa su ake tallar gaɓar da su. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da na miƙa jingar, bayan mako biyu Malam ya kira ni ofishinsa. Ya ɗaga takardun ya ce, "Jingar harshe na ba ka, ka kawo mini shari'ar fili."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi ƙoƙarin raba su, suka ƙi rabuwa."

Ya yi murmushi, ya ajiye takardun ya ce, "To zauna. A ina aka haife ka?" Na ce a nan Kudu. Ya ce, "Mece ce gayauna?" Na yi shiru. "Burtali fa?" Na ce ina jin wata hanya ce. "Hanyar me?" Na yi shiru. Ya ci gaba da jero su, kufai, hurumi, fako, jigawa, fadama, jingina. A cikin takwas, fadama da jingina kaɗai na amsa daidai. Ita saura da na yi alfahari da ita a sama, a ƙamus na tsince ta ina cikin rubuta jingar. Malam ya yi mini bayani ɗaya bayan ɗaya: gayauna ita ce 'yar gonar da maigida ke yanka wa ɗansa ko matarsa ban da gandu, burtali hanyar shanu ce tsakanin gonaki, kufai wurin da aka tashi aka bari, hurumi filin da aka keɓe wa gari baki ɗaya, fako ƙasa mai tauri da ba ta shuka, jigawa kuma tudu mai yashi. Sannan ya ce, "Kai wa ya hana ka Hausa?"

Babu wanda ya hana ni. Ba a taɓa kulle ni ba, Hausa muke yi a gida safe da yamma, ga shi har digiri nake yi a kanta. Amma kalmomin nan sun zube daga bakina tun kafin in san da su, saboda ban taɓa tsayawa a kan abin da suke nufi ba. Na fito daga ofishin ina tunanin yaron Garifuna da aka haifa a Bronx, ko wanda aka haifa a Tela amma shinge ya raba shi da ruwa. Sunayen kifaye da na iska da na sassan kwalekwale, da duk kalmomin da mata ke amfani da su tun daga tonon rogo har zuwa toya ereba, a ina zai ji su? Za a iya tattara su a ƙamus, kuma ya kamata a tattara, amma ni shaida ne a kan bambancin kalmar ƙamus da kalmar da mutum ya taka da ƙafarsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da aka haifa a Sabo ko Agege ko Idi-Araba, ina da roƙo guda. Idan Allah ya kai mu hutu muka je gida, mu ware ko yini biyu ne mu bi wani dattijo gona da littafi da biro. Mu tambaye shi sunan kowace gona da dalilin sunan, da wanda ya sare ta, da yadda ta zo hannunsu, gado ce ko saye ko aro ko jingina, da abin da ya raba ta da ta maƙwabci, gamba ce aka dasa ko wata kuka ce ko ɗorawa. Mu rubuta da kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta. Mu kuma tambaya ko akwai takarda, in babu mu ja hankalin manya a nema tun ba a ga 'yan safiyo ba. Ga ɗalibin harshe wannan tarin kalmomi ne da zai ishe shi kundin digiri, ga dangi kuma wata rana yana iya zama shaida. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai na riga na gaya wa mahaifiyata cewa da Babbar Sallah zan bi ta gida. Ta yi mamaki, domin rabona da can tun ina aji biyu na sakandare. Ta ce akwai wata gayauna da kakana ya yanka mata kafin ta yi aure, ba ta san a hannun wa take yanzu ba. Da ita zan fara. Allah ya sa mu dace, amin.